In Itacen Ado Ya Bushe, Me Za A Dasa A Gurbinsa?

Duk wanda ya bi ta unguwannin ma'aikata a Kaduna, ko Zariya, ko Kano, a ƙarshen bazara, ba zai rasa ganin wani abu ba. Zai ga jerin waɗansu itatuwa masu tsini a gindin katanga, waɗanda a da su ke kore shar rani da damina, yanzu kuwa waɗansu sun yi ja kamar an babbake su, waɗansu rabi ɗanye rabi busasshe. Su ne baƙin itatuwan nan da masu sayar da dashe a bakin titi ke kira tuja da saifires da fayin, waɗansu mutane kuwa su kan haɗa su duka su ce itacen Kirsimati. Ba su da faffaɗan ganye irin na mangwaro. Ganyensu ko dai siriri ne kamar allura, ko kuwa ƙanana ne, a manne da reshe kamar ɓawon kifi.

Abin da mai gida ya kan yi in ya ga haka sananne ne. Sai ya sa yaro ya sare busasshen, ya tafi wurin mai dashe ya sayo irinsa sak, ya sa a ramin nan da na farko ya mutu. Bayan shekara biyu ko uku kuma a koma gidan jiya. To, wannan shi ne kuskuren da ya kamata a daina. Itacen da ya mutu yana da dalilin mutuwarsa, kuma muddin ba a gano dalilin nan ba, kuɗin sabon dashe asara ne. In kuwa an gano, galibi za a tarar abin da ya dace da gurbin nan ƙaramin itace ne na ƙasar nan, mai jure zafi, wanda ko an aske shi zai sāke tsiro, kuma wanda gida zai ci moriyarsa.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Tun da ya ke itatuwan nan baƙi ne, ya kamata a ji yadda suka kwashe da mutanen da suka riga mutanen nan dasa su.

A ƙasar Kenya, a zamanin mulkin Turawa, an dasa wani irin saifires da aka kawo daga Kalifoniya ta Amurka. Tsakanin shekarun 1940 da 1950 sai wata cuta mai cin ɓawo ta faɗa masa, har ta kai ma'aikatan daji suka daina dasa shi. Da za su maye gurbinsa, sai suka ɗauko ɗan'uwansa, watau saifires ɗin ƙasar Meziko, suka cika dazuzzuka da shi, jama'a kuma suka yi ta shinge da shi a gidaje da makarantu da gonaki. Aka ɗauki shekaru ana jin daɗi. A 1986 sai wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan reshe ya ɓulla a Malawi, dangin ƙwaron nan mai kawo darɓa ga dawa. A 1990 ya iso Kenya, ya kuma bazu a Tanzaniya da Uganda da Ruwanda da Burundi da Zambiya. Shingen da aka yi shekaru ana reno ya bushe cikin ɗan lokaci, dazuzzukan katako suka yi ja, aka yi asarar dukiya mai yawa. A Malawi ƙwaron bai bar ko itacen nan na Dutsen Mulanje ba, wanda ƙasar ta ɗauka alamarta. Sai da aka kawo wani ɗan ƙanƙanen zanzaro daga Turai, mai yin ƙwai a cikin jikin ƙwaron, sa'an nan aka sami sauƙi.

A Ingila kuwa, itacen shingen da ya fi yaɗuwa cikin wannan dangi shi ne wanda su ke kira Leylandi. Ya samo asali ne a 1888 a wani babban gida mai suna Leighton Hall a ƙasar Wales, inda saifires iri biyu na Amurka suka yi barbara. Mutane suka so shi domin saurin girmansa, gama ya kan yi ƙafa uku a shekara. Saurin nan kuwa shi ya zama fitina. Ya tare wa maƙwabta rana, ya shanye danshin lambu, aka yi ta rigima da ƙararraki, har majalisar Birtaniya ta yi doka a 2003, wadda ta fara aiki a Ingila a 2005, ta ba maƙwabci iznin kai kuka ga hukuma in irin wannan shinge ya wuce mita 2, watau kamar ƙafa shida da rabi. Har wa yau kuma, ƙwaron nan da ya yi ɓarna a Kenya yana ɓata shingen Leylandi a can, ya bar shi da ja faci-faci.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tuddan Kenya da ƙasar Ingila wurare ne masu sanyi da ruwan sama, inda itatuwan nan ke jin daɗi. Birnin Nairobi yana bisa tudu fiye da ƙafa 5,000. In a can ma haka ta faru, ina ga Kano, wadda tudunta bai wuce kamar ƙafa 1,600 ba, ruwanta na shekara kuwa inci 30 ne da 'yan kai, kuma ta kan yi wata bakwai ba ɗigon ruwa?

A FARA NEMAN DALILI

Kafin a ɗauki gatari, sai a duba itacen da kyau, kamar yadda a ke duba dabba marar lafiya.

Da farko a kankare ɓawon reshe da farce ko da wuƙa. In ƙarƙashinsa kore ne da danshi, reshen yana da rai. In ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa, a bi shi ana kankarewa har zuwa gindi, a ga inda rai ya tsaya.

Na biyu, a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa a girgiza reshe a kai. In waɗansu ƙananan ƙwari masu launin toka suka zubo, ko kuwa an ga reshe yana danƙo, ya yi baƙi kamar kunkunniya, tururuwa na hawa suna sauka, to ƙwaron darɓa ne. Shi ya kan ɓuya a can ciki kusa da jikin itacen, kuma galibi kafin ja ya bayyana ya riga ya gama ɓarnarsa.

Na uku, a duba jikin itacen da manyan rassa. In ɓawo ya tsage, ya lotsa, ƙaro yana tsiyaya daga wurin, reshen da ke sama da tsagar kuwa ya mutu shi kaɗai, to cutar ɓawo ce. In reshe ɗaya ne ko biyu, a yanke su ƙasa da inda ciwon ya ke, a ƙone, a kuma goge adda kafin a taɓa wani itacen da ita.

Na huɗu, a tona gindin kamar tsawon hannu. Saiwa mai lafiya fara ce daga ciki, da ƙarfi. In ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, to ruwa ne ya kwanta mata har ta ruɓe. Wannan ya kan faru a ƙasa mai laka, ko inda a ke ambaliya wa itace ruwa kullum, ko inda indararo ke zuba. In kuwa an tarar da shuri da hanyoyin gara, sai a lura, domin gara ta fi son itacen da ƙishirwa ta riga ta raunana.

Akwai kuma laifin da ba na ƙwaro ba ne, na mutum ne. Wani ya kan dasa itace da ledarsa, saiwa ta yi ta kewaya a ciki har ta shaƙe kanta. Wani ya kan binne wuyan itacen da zurfi. Wani ya dasa a jikin katanga inda magina suka bar ɓaraguzan siminti, ga kuma zafin da katanga ke fesowa da rana. Wani kuwa ruwan wanki a ke zuba wa nasa, gishirin sabulu ya taru a ƙasa. In ɓangare ɗaya ne kurum ya ƙone, wanda ke fuskantar gabas ko arewa, to iskar hunturu ce ta busar da shi.

BA SU SĀKE TSIRO

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, shi ne kuwa ginshiƙin maganar. In aka sare dalbejiya ko zogale ko lalle har gindi, da damina ta faɗi za su tofo. Yawancin itatuwan nan masu tsini ba haka su ke ba. Ɗanyen ganyensu a bakin reshe kaɗai ya ke, can ciki kuwa busasshen kara ne, kuma tsohon reshen da ya rasa ganye ba ya sāke fitar da wani. Saboda haka in almakashi ya zarce cikin busasshen wuri, ko ƙwaro ya kashe wani sashe, ramin nan ya zauna ke nan. Askin da a ke yi musu cikin tsananin bazara ma ya kan jawo wannan.

Don haka wanda itacensa ya yi ja kaɗan a bakin rassa, alhali ciki yana da rai, ya yi haƙuri har damina ta wuce ya gani. Amma wanda rabin nasa ya bushe, kada ya ɓata ruwansa da kuɗin magani. Ko itacen bai mutu ba, kyansa ya tafi, kyan nan kuwa shi ne kaɗai dalilin dasa shi, tun da ba a cin 'ya'yansa, ba a miya da ganyensa, ba shi da inuwar da za a shimfiɗa tabarma.

A yi lissafin ruwa kuma. A ce mutum yana da itace 20 a jeri, yana ba kowane rabin garwa a yini. Garwa 10 ke nan kullum. Daga Oktoba zuwa farkon Mayu kwana 210 ne ko kusa, watau garwa 2,100 a rani ɗaya. Wanda ke sayen ruwa wurin mai kura ya san kuɗin. Wanda uwargidansa da 'ya'yansa ke jan guga kuwa, ya tambaye su.

YADDA A KE SHIRYA GURBI

In an yanke shawarar cirewa, a cire har da kututture da manyan saiwoyi. Kututturen da aka bari gidan gara ne, kuma cutar da ta ruɓar da saiwa ta kan zauna a jikinsa da cikin ƙasa shekara da shekaru, tana jiran sabon dashe. Rassan da cuta ta kama a ƙone su, kada a jibge su a kusurwar lambu.

A haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, a tsince duwatsu da siminti, a bar shi a buɗe rana ta dake shi mako uku ko huɗu. A gwada shi da ruwa: a cika ramin da yamma, in da safe ruwan yana nan, to wurin yana riƙe ruwa, sai a yi kunya a dasa a bisanta, ko a gyara magudana. Itatuwan nan su kan bar ƙasa a bushe, ba ƙarfi, don haka a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. A matsa daga katanga kamar ƙafa uku. Dashe kuwa a bari sai damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. A cire leda. A ranin farko a dinga ba da ruwa mai yawa sau ɗaya ko sau biyu a mako, wannan ya fi yayyafi kullum, gama shi ke sa saiwa ta nutsa. In za a rufe gindi da ciyawa don danshi, kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara.

ME ZA A DASA?

Tambayar farko ita ce, wane aiki a ke so itacen ya yi? Tare idon masu wucewa, ko tare awaki, ko ado, ko abin kai wa baki?

Wanda ke son shinge mai kyan gani, wanda za a aske shi ya miƙe kamar na Turawa, ba abin da ya kai lalle. Yana kamawa daga yankakken reshe, a jera shi ƙafa ɗaya ɗaya, yana jure zafi da ƙishirwa, furensa yana da ƙanshi, in ya tsufa kuma rassansa su kan yi tsini su hana dabba ratsawa. Abin da aka aske daga jikinsa ba shara ba ne. A shanya shi a daka, mata suna nema, 'yan kasuwa suna saye da mudu. In rani ya yi tsanani ya kan rage ganye, amma garwa kaɗan ta ishe shi.

Wanda awaki suka dama, ya dubi bi-ni-da-zugu, ko aguwa, ko dashi. Duka uku daga reshe a ke dasa su. Dabba ba ta cin bi-ni-da-zugu, amma fa 'ya'yansa dafi ne, kada a sa shi inda yara ƙanana ke wasa, kuma ya kan zubar da ganye da rani. Aguwa ita ce shingen ƙasar yashi, kamar yadda a ke gani a Sakkwato da Katsina da Damagaram. Ita a kan kafa ta ne tun kafin ruwa ya sauka, a kuma kiyayi nononta da ido. Magarya ma tana shinge mai ƙaya in an dinga datse kanta, ga kuma 'ya'ya. Akwai ma mai aure, mai manyan 'ya'ya, wadda a ke nomawa a Nijar.

Wanda ke da rijiya ko famfo, kuma yana son kore rani da damina, ya ba ruwan nan ga abin da zai biya shi. Lemun tsami kore ne kullum, yana da ƙaya, kuma ba ya kwantai a kasuwa. Rumman ƙaramin itace ne mai jan fure, yana son rana. Gwaba tana jure aski. Zogale kuwa, ko da ya ke shi kaɗai ba ya tare ido domin gindinsa a buɗe ya ke, in an sa shi bayan lalle, ana sare kansa daidai kafaɗa, gida ba zai rasa ganyen kwaɗo ba.

Wanda fure ya ke so, ga bugambiliya, mai hawa katanga. Tana da ƙaya, kuma ta fi yin fure lokacin da aka rage mata ruwa, watau daidai lokacin da tuja ke neman mutuwa.

Akwai waɗanda ya kamata a yi hattara da su, ko da mai dashe ya yaba su. Lantana, mai ƙananan furanni masu launi-launi, tana tsere wa lambu ta cika makiyaya, ganyenta kuma yana cutar shanu. Itacen nan mai siririn ganye da farin nono da rawayan fure kamar ƙararrawa, wanda a ke yawan gani a makarantu, ƙwallonsa yana kisa. Duranta, watau rawayan shingen nan na ofisoshi, tana da kyau, amma tana son ruwa da almakashi a kai a kai, 'ya'yanta kuma ba na ci ba ne.

KADA A JERA IRI ƊAYA

Ko mene ne aka zaɓa, kada a cika jeri da shi kaɗai. Abin da ya kā da mutanen Kenya ke nan, sun musanya saifires da saifires. Ƙasar nan ma ta taɓa ɗanɗana irin wannan, sa'ad da wani ƙwaro mai mannewa a ganye ya faɗa wa dalbejiya a yankin Tafkin Chadi cikin shekarun 1980, aka tarar garuruwa da yawa ba su da wata inuwa sai ita. Cuta da ƙwaro galibi dangi ɗaya su ke bi. Shingen da aka haɗa lalle da lemun tsami da rumman da magarya, in annoba ta ɗauki ɗaya, uku suna nan tsaye, giɓin kuma ya cike cikin damina ɗaya. Gida biyu maganin gobara.

Wani zai ce, ai duk cikin waɗannan ba mai kwarjinin tuja, kuma mutum yana da ikon ƙawata ƙofar gidansa yadda ya ga dama. Gaskiya ne, ba a ce kowa ya sare lafiyayyen itacensa ba. A Jos, inda tudu ya kai kamar ƙafa 4,000 ruwa kuma ya fi inci 50, da Mambila wadda ta fi ta tudu, saifires da fayin suna yin kyau, kuma ma'aikatan daji sun daɗe suna noman fayin don katako a Afaka kusa da Kaduna. Wanda ke ƙasa mai zafi kuma ransa yana so, ya ajiye ɗaya ko biyu inda inuwar yamma ke faɗawa, ya kula da su. Amma ya ɗora sirrin gidansa da kariyar lambunsa duka a kan itacen da ba ya tofowa, wannan ganganci ne.

Masu sayar da dashe su ma suna da nasu alhaki. Wanda ya sayar wa mutumin Gusau itacen da ya san sai a Jos ya ke rayuwa, ya ci ribar yini ɗaya ne, ya rasa abokin ciniki. Da za su riƙa renon lalle da rumman da magarya mai aure a leda, su jera su a gaba kamar yadda su ke jera baƙin, da masu saye sun saya. Akawun da aka ba aikin gyaran harabar ofis ko makaranta kuwa, ya tuna kuɗin jama'a ne, kuma ran da aka yi masa canjin wurin aiki ba lalle ne wanda ya gaje shi ya damu da ban ruwa ba. Sai ya zaɓi abin da zai rayu ko an manta da shi.

Saboda haka wanda ke da busasshen itace a gindin katangarsa, ya tona ya ga abin da ya kashe shi, in ya rikice masa ya nemi malamin gona ko malamin daji na yankinsa. Ya cire kututture tun da bazara, ya bar ramin ya sha rana, ya tanadi taki, ya kuma nemi alkawarin rassan lalle wurin maƙwabci tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.